Ƙarangiyar da ke cikin jijiyar jini

Muna ɗalibai a makarantar likitanci a Jos aka koya mana wasu sinadarai da ke sa ƙwayoyin jiki su manne wa juna: selektin, integirin, ICAM-1, VCAM-1. Na haddace su, na rubuta a jarrabawa, na ci. Amma a raina na ɗauka ilimin ɗakin bincike ne na ƙasashen Turawa, babu abin da ya haɗa shi da marar lafiyar da za ta zo min daga Gangare ko Unguwar Rogo.

Ina aikin horaswa aka kwantar mana da wata matashiya. Kusan shekara guda tana fama da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, gashinta yana zuba. An yi maganin maleriya da taifod ba adadi, an sha rubutu, an yi hayaƙi saboda wasu sun ce sammu ne. Sai da ƙafafu suka kumbura, fitsari ya soma kumfa, sannan aka kawo ta. Gwaji ya nuna lufus ne, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, wanda tara cikin goma na masu shi mata ne. Ya riga ya taɓa ƙoda.

Da safe wajen zagaye babban likitanmu ya dube ni ya ce, "Fararen ƙwayoyin jini gudu suke cikin jijiya kamar ruwan kwari. Yaya aka yi suka tsaya a ƙodar yarinyar nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, selektin ne da integirin." Ya ce, "Sunaye ka ba ni. Je ka yi wa mahaifiyarta bayani da Hausa. In ta gane, to ka gane."

A daren na koma wa littafi, kuma ranar na fara karanta shafin da marar lafiya a zuciyata. A lufus jiki yana ƙera makamai a kan kayansa, har da ƙwayar gadonsa. Makaman su dunƙule da abin da suka kama, su maƙale a rariyar ƙoda, wurin ya yi kururuwar neman agaji ta hanyar sinadarai irin su TNF. Da jin haka sai bangon jijiyar jini, wanda a da sumul yake, ya fito da ƙayoyi. Selektin ke farawa: ya kama farar ƙwaya ya saki, ya kama ya saki, har gudunta ya koma mirgine. Daga nan integirin da ke jikinta ya buɗe ya damƙi ICAM-1 da VCAM-1 da ke bangon jijiyar, ta tsaya cak, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin bango ta shiga naman ƙoda. Masana biyu, Eugene Butcher a 1991 da Timothy Springer a 1994, su suka tsara bayanin wannan tafiya daki-daki.

Washegari na zauna gefen tabarmar uwar. Na ce, "Mama, kin san ƙarangiya?" Ta ce wa zai yi kiwo bai san ta ba. Na ce jijiyoyin ƙodar 'yarta ne suka tsiro da ita, duk sojan jiki da ya zo wucewa sai ta riƙe masa riga, ya sauka ya yi faɗa inda babu abokin gaba. Ta yi shiru, can ta ce, "To ɗana, a cire ƙarangiyar mana."

Tambayarta ita masana suka daɗe suna bi, kuma amsar tana da nauyi. Akwai jariran da ake haifa integirinsu ba ya aiki. Cibiyarsu ta daɗe ba ta faɗi ba, gyambonsu ba ya yin mugunya, cuta kaɗan ta kayar da su, domin sojan ba ya iya sauka inda ake nemansa. An taɓa yin wani maganin ciwon fata, efalizumab, mai toshe wannan damƙa, aka janye shi a 2009 saboda wasu masu shansa sun kamu da mummunar cutar ƙwaƙwalwa. Na gaya wa uwar ba za a tumɓuke ƙarangiyar ba, sai dai a kwantar da kururuwar da ke sa ta tsiro. Aikin da firedinisolon da sauran magungunan danne garkuwa suke yi ke nan, tare da haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da muka sani.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gano cewa shafin nan namu ne tun asali. Irin wannan mannewar ce ke toshe jijiyoyin mai sikila, ita ce kuma ke riƙe jajayen ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar yaron da maleriya ta sumar.

Bincike ya nuna VCAM-1 yana ƙaruwa a fitsarin mai lufus idan ƙoda ta kamu, sai dai ba gwajin yau da kullum ba ne. Abin da ke hannunmu shi ne ɗan tsinken gwajin fitsari mai nuna furotin. Tun daga lokacin, mace ta zo min da zazzaɓin da ya ƙi ji da ciwon gaɓoɓi, ba na barin ta tafi ban tsoma shi ba, don ƙoda takan daɗe tana lalacewa kafin ƙafa ta kumbura.

Ranar sallama muka tsaya kan maganar rana, domin haskenta yana tayar da lufus. Jos tana kan tudu mai kusan mita 1,200, sanyi yakan rufe wa mutum zafin rana, ga mu da son shan hantsi lokacin hunturu. Na roƙi uwar ta hana ta, ta saya mata laima, kuma duk zuwa asibiti su taho da fitsarin safe a kwalba mai tsabta. Bayan sati biyu suka dawo, kwalbar tana ƙulle a bakin mayafin uwar.