Wasiƙun Flaubert da George Sand

Wanda ya san Gustave Flaubert, marubucin ƙagaggun labarai na Faransa, ta littattafansa kaɗai zai ɗauke shi mutum mai zurfin ciki, domin ƙa'idarsa ita ce kada marubuci ya bari a ji ɗuriyarsa a cikin labari. Wasiƙun da ya yi ta musaya da marubuciya George Sand ne suka nuna shi yana raha, yana mita, yana neman a lallashe shi.

Zumuncinsu ya ƙullu a 1863, lokacin da Sand ta yabi littafinsa Salammbô a jarida alhali wasu manyan masu sharhi na kushe shi, shi kuma ya aika mata da takardar godiya. Ta girme shi da shekara 17, sunanta na yanka Aurore Dupin, kuma ta daɗe da yin suna a Faransa da wannan sunan alƙalami na maza. Ta fuskar aiki kuwa, hannun riga suke. Ita tana zama da dare a gidanta na Nohant, rubutu na zubo mata ba tare da wahala ba. Shi yana kulle a Croisset, kusa da Rouen, yana karanta jimlolinsa da babbar murya domin kunnensa ya kamo masa inda suka yi tuntuɓe, har sai da littafinsa Madame Bovary ya cinye masa kusan shekara biyar, sannan ya kai shi gaban kotu a 1857 bisa zargin ɓata tarbiyya, aka wanke shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan gardamarsu. Bayan tarzomar Paris ta 1871, Flaubert ya rubuta mata yana zargin talakawa da wauta, yana raina tsarin bai wa kowa ƙuri'a, ita kuwa ta mayar masa da martani a jaridar Le Temps ba tare da ta kama sunansa ba. A kan rubutu ma haka: tana cewa ya cika sa masu karatu baƙin ciki alhali ita sanyaya musu rai take so, yana cewa ba shi da hurumin cusa ra'ayinsa a bakin mutanen labarinsa. A ganina kowannensu ya fi gaskiya a kan aikin kansa, kuma babu wanda ya janye. Duk da haka ta kare shi a 1869 da aka yi wa littafinsa L'Éducation sentimentale ca, ya kuma yi bikin Kirsimeti na wannan shekara a Nohant.

A 1875 mijin 'yar ƙanwarsa ya karye a kasuwanci, Flaubert ya sayar da gonarsa ta Deauville don ya tallafe su. Cikin wannan ƙunci ya fara Un cœur simple, labarin wata 'yar aiki mai suna Félicité da akunta, kuma daga baya ya shaida wa Maurice, ɗan Sand, cewa domin ya faranta mata ya fara shi. Sand ta rasu ranar 8 ga Yuni, 1876, yana tsakiyar aikin, ya je Nohant jana'iza. Labarin ya fito a 1877 cikin kundin labaransa Trois contes, cike da tausayin da ta daɗe tana nema daga gare shi, amma ko sau ɗaya bai fito fili ya ce wa mai karatu ya tausaya wa Félicité ba.