Maigadin da na ɗora wa sabarmu ya kusa kashe mana kasuwa

Kawuna ne ya fara kirana, tun kafin oga. Yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12, kuma yaron da ke masa POS a bakin rumfa na'urar kamfaninmu yake amfani da ita, to shi Kawu a ganinsa duk abin da ya samu na'urar nan ni ne. Ƙarfe bakwai na safe ina cikin danfo daga Agege zan tafi Ikeja sai ga waya, wai "kai ɗan nan, me kuka yi wa abin naku ne, tun asuba sai juyawa yake kamar mai hajijiya, mutum ya sauke buhu goma yana tsaye yana jiran kuɗi." Na ce Kawu ku yi haƙuri netwok ne. Wallahi ni ma a lokacin haka na ɗauka, don a garin nan komai ya lalace netwok ake fara zagi.

Ba netwok ba ne. Ni ne.

Sati biyu kafin nan masu binciken tsaro sun zo ofis, saboda duk mai taɓa bayanan katin banki akwai ƙa'idar PCI DSS a kansa, kuma sashe na 10 nata ya ce dole a riƙa rubuta wa ya shiga, me ya taɓa, yaushe, a ajiye rajistar tsawon shekara guda, wata uku na baya-bayan nan kuma su kasance a kusa da hannu. Oga ya ce in gyara kafin su dawo. Ni kuma da zafin nama na buɗe sabar, wato babbar kwamfutar da na'urorin POS ɗinmu ke magana da ita, Rocky Linux ce a kanta, na kunna auditd, manhajar da ke rubuta wannan rajistar, na kwaso dokoki daga intanet na zuba a /etc/audit/rules.d/ ban ma karanta su da kyau ba. A ciki akwai wadda ta ce duk wani open da openat da execve, wato buɗe fayil da tayar da manhaja, a rubuta, ko wa ya yi. Sannan na je auditd.conf na ga flush, wato yadda ake sauke rajistar a faifai, yana kan INCREMENTAL_ASYNC mai tarawa kafin ya sauke, na ce a'a, mu harkar kuɗi muke, na mai da shi SYNC don kada layi ɗaya ya ɓace. A ƙarshe na saka -e 2 wanda ke kulle dokokin gaba ɗaya. Na tashi ina jin kaina gwani.

Ranar farko da na biyu ba wanda ya yi magana sosai. Ƙarshen wata ne ya tona asiri, lokacin da albashi ya shiga kowa ya nufi mai POS.

Abin da ya ruɗa ni shi ne da na buga top, umarnin da ke nuna aikin da sabar ke yi, CPU ba ta cika ba ko kaɗan, RAM ma akwai sarari, amma load average, wato yawan ayyukan da ke gudana ko suke jira, ya haura sama kamar farashin tumatir a damina. Na zargi PostgreSQL, ma'ajiyar bayananmu, na kwana biyu ina tonon tambayoyin da ake aika masa ina ƙara index inda ba a buƙata. Na zargi masu ba mu intanet har na kira su na yi musu faɗa, Allah ya yafe min. Abokin aikina ma cewa ya yi mu ƙara kuɗi a sayi babbar saba kawai, oga ya harare shi don da dala ake biya.

Sai a dare na uku, ina zaune ni kaɗai a ofis janareto na ta ƙara, na buga dmesg, mai nuna saƙonnin Linux ɗin kansa, don duba wani abu daban, na ga layi ɗaya yana maimaita kansa har allo ya cika: audit: backlog limit exceeded. Gabana ya faɗi. Na buga auditctl -s, na ga backlog, wato layin bayanan da ke jiran a rubuta, ya kai maƙura, lost kuma, wato waɗanda suka ɓace, sai hawa yake duk sanda na sake bugawa.

Bari in faɗi yadda na fahimce shi, don da misalin maigadi ya zauna min. Babana ya yi gadi a wani gida a Ikoyi shekaru, yana da littafin da yake rubuta baƙi. To ka ɗauka an ce masa daga yau ba baƙi kaɗai ba, har mai gidan da yaransa da mai aiki duk sanda suka fita zubar da shara sai an rubuta, kuma ba zai buɗe wa na gaba ba sai ya kai littafin ɗaki ya kulle a akwati ya dawo. Haka na yi wa sabar nan. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, shi ke tattara bayanan ya jera su a layi, auditd ya ɗauka ya rubuta a /var/log/audit/audit.log. In layin ya cika, kanel ba zubarwa yake nan take ba, sai ya tsayar da manhajar da ta jawo bayanin ta jira, iya lokacin da aka saka a backlog_wait_time, wanda asalinsa har daƙiƙa 60 ne. Shi ya sa CPU take zaune lafiya, ba aiki ne ya yi yawa ba, jira kowa yake. Ga manhajarmu ta PHP ce, buƙata ɗaya sai ta buɗe fayil da yawa, kuma kowane buɗewa ba layi ɗaya yake haifarwa ba, akwai SYSCALL akwai CWD akwai PATH akwai PROCTITLE. Ga SYNC ɗin da na saka yana tilasta a tabbatar kowanne ya sauka a faifai, kuma faifan nan shi ne dai wanda PostgreSQL ke kai. Da na kalli iostat, mai nuna aikin da faifai ke sha, sai kunya ta kama ni.

Amma abin da ya fi ba ni haushi ba jinkirin ba ne. Ban taɓa max_log_file da num_logs ba, suna nan a 8 da 5, wato fayil biyar masu megabait takwas-takwas, in sun cika a share na baya. Na buɗe mafi tsufa in ga daga yaushe ya fara, ko awa ɗaya bai kai ba. An ce in ajiye na shekara, ni kuma na rage wa mutane gudu don in ajiye shirmen da ba ya kwana. Da ɓarawo ya shiga jiya da babu ko alamarsa.

Na buga aureport -x --summary don in ga manhajar da ta fi cika rajistar, php-fpm (mai tafiyar da PHP ɗinmu) da postgres ne a sama da tazara mai nisa. Daga nan gyaran bai yi wuya ba. Na cire dokar open ɗin nan mai kama kowa, na bar sa ido a wuraren da suka dace, /etc/passwd da /etc/shadow da sudoers da saitin ssh da na manhajarmu. Dokar execve na ƙara mata -F auid>=1000 da -F auid!=unset, don mutanen da suka shigo da kansu kaɗai za ta kama, ba manhajojin da systemd ya tayar ba. Dokokin never, masu cewa kada a rubuta, na kai su sama, tunda daga sama ake bi kuma wadda ta fara dacewa ita ke aiki. Na mai da flush yadda na same shi, na ba rajistar faifanta daban, na sa ana tura kwafi wata saba.

Sai na zo loda sabbin dokokin, ya ƙi. Na manta da -e 2 ɗina, in ka kulle sai an sake tayar da na'ura. Ko systemctl restart auditd ma ba ya karɓa a dangin Red Hat, sai service auditd restart, kuma shi saitin auditd.conf kawai ya ɗauka, dokokin na nan a kulle. Dole na jira har ƙarfe biyun dare lokacin da ciniki ya lafa, na tura wa oga saƙo, na yi bisimilla na kashe na kunna.

Yanzu backlog da lost suna cikin abin da nake kallo a Grafana, allon da muke sa ido kan sabar da shi, tare da saurin amsa, kuma ba na ƙara doka ko ɗaya sai na gwada ta a sabar gwaji da lodi irin na ƙarshen wata, in auna kafin da bayan, kulle kuma sai ta yi sati tana aiki.

A ofis na kwana kan kujeru uku. Da safe na kira Kawu na ce ya abin yake yau, ya ce lafiya lau yake tafiya, "ka ga dai da ma na faɗa maka ku canza layi." Na ce haka ne Kawu, mun canza.