Mako Guda a Dajin Glen Affric

Ranar da muka shiga kwarin Glen Affric, yamma da birnin Inverness a arewacin Sikotland, buhun dashe ne a bayana, shebur a hannu, lissafina kuma ɗaya ne: bishiya nawa zan dasa kafin mako ya ƙare. Watan Oktoba ne, na ajiye karatu na bi wata tawagar masu aikin sa kai. Sanyi ba a magana, ruwan ƙoramar da nake alwala da shi har yatsu yake sandarar wa mutum.

Dattijon malamin dajin da ke jagorantarmu bai bari mun sa shebur a ƙasa ba sai da ya hau da mu wani tudu. Can ga wata tsohuwar bishiyar fayin tsaye ita kaɗai, ɓawonta ja-ja daga sama, rassa sun baje kamar na gawo, ganyen siri-siri kamar allura. Mutanen wurin "kaka" suke ce wa irinta, don da yawansu sun haura shekara 200. Ya ce mini, "Yarona, ga kaka, nemo mini jikokinta." Na zagaya ban ga komai ba. Sai ya durƙusa ya buɗe ciyawa da hannu, ya nuna mini wani ɗan fayin da bai kai gwiwa ba, gindinsa ya yi kaurin babban yatsa, kansa a gutsure. Ya ce wannan ya fi shekara goma a nan. Duk sanda ya toho, barewa ta bi ta kansa.

Barewar can ba irin tamu ba ce. Jar barewa ce, namijin ya kai girman jaki, da ƙahoni masu rassa, kuma a Oktoba suke barbara, da dare muna jin rurinsu daga duwatsu kamar na bijimai. Kyarkecin da ke rage su an ƙarar da shi a ƙasar kusan shekara 300 da suka wuce, manyan masu filaye kuma suka riƙa tattalinsu saboda farauta. Suka yi yawa har daji ya daina haihuwa. Tsohon dajin fayin na Sikotland da ake kira Kaledoniya, wanda ya taɓa rufe babban ɓangare na tsaunukan, yau guntaye 84 suka rage a warwatse, wasunsu tsofaffi zalla babu na baya.

Abin da ya juya mini tunani shi ne shinge. A 1990 aka kewaye wani yanki na kwarin mai kimanin hekta 50 da waya mai tsawon da ya fi mutum. Na tsaya a jikinsa na dubi hagu da dama. Waje fili ne fetal. Ciki kuwa matasan fayin sun yi cunkus, ga wasu bishiyoyi masu farin ɓawo ganyensu ya zama ruwan ɗorawa, ga gansakuka mai laushi ƙafa na nitsewa. Irin da kakannin suka zubar ne ya tashi da kansa da bakin barewa ya ɗauke. Nan take na tuna manoman Maradi da sassabin zamani, masu barin tohon kututture su gyara shi su kare shi daga awaki, har gonaki suka sake cika da itatuwa. Haka ma wata bishiya da ake kira asfen take yi a Sikotland: da wuya ta yi iri, daga saiwa take tohowa, kuma ita ce barewa ta fi so.

Dashen mun yi shi, amma a wuraren da babu tsohuwar bishiya kusa da za ta ba da iri. Za ka kankare ciyawa da shebur, ka tsaga ƙasa, ka sa dashen daidai wuyansa, sannan ka danne da diddige sosai. Ni da gaggawa nake yi don in tara adadi, har dattijon ya biyo layina yana jan kowane dashe da yatsu biyu. Kusan rabi suka fito. Bai yi faɗa ba, ya ce iska ta shiga wajen saiwa, in sake. Na sake su duka, kuma tun daga ranar na bar ƙirga.

Wani abin da ya yi mini wuyar karɓa shi ne busasshen itace. Na taso inda ba a wuce ƙirare a hanya, don haka da na ga gungume a kwance sai na fara janye shi gefe. Aka tsayar da ni, aka ɗaga ɓawon: tsutsotsi, ƙwari, farin zaren naman kaza, ga wani ɗan tsiro ya kafa saiwa a ruɓaɓɓen wurin. Matacciyar bishiyar da ke tsaye ma ba a sare ta, a jikinta tsuntsaye ke huda gida.

Shingen kansa ba ya rasa illa. Yana da tsada, yana lalacewa, kuma wasu manyan tsuntsaye masu kama da makwarwa suna karo da wayar su mutu, shi ya sa muka yini guda muna ɗaura masa 'yan katakai don su gan shi. Dattijon ya ce magani na gaskiya shi ne a rage barewa da harbi har su koma kamar biyar a murabba'in kilomita, a ci naman. Da farko abin ya sosa mini rai, don dabba ce kyakkyawa. Bayan na ga ɗan fayin nan mai gutsurarren kai, na yarda da shi.

Kullum da yamma sai mun duba jikinmu saboda kaska, don tana ɗauke da wata cuta da ake kira Lyme. Na cire biyu a bayan gwiwata. Ranar ƙarshe aka ba ni aikin bin shingen da ƙafa ina neman inda ya ɓalle. Na sami wuri ɗaya da ruwa ya zaizaye ƙarƙashin waya, ga sawun kofato sabo a laka ya nufi ciki. Na cike ramin da duwatsu, na koma da sauri na gaya wa dattijon.