Robar da ke jin amoniya tana jin laima ma

Ƙannena masu karatun kimiyyar sinadarai a nan Damagaram, kafin ku auna komai da polianilin, robar nan mai ɗaukar lantarki, ku fara rubuta zafin ɗakin da laimar iskarsa.

Irin waɗannan robobi ba kamar ta bokiti ba ne. A jikin sarƙarsu, haɗi guda da haɗi biyu ne ke bin juna, shi ya sa elektron ke samun hanyar wucewa. A 1977 ne Shirakawa da MacDiarmid da Heeger suka nuna cewa wata roba mai suna poliasetilen na ɗaukar lantarki in ta sha tururin ayodin, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2000. Polianilin ita ce mai sauƙin haɗawa a labo irin namu. Muddin akwai asid a jikinta, koriya ce shar, wuta na bi ta cikinta. Amoniya na taɓa ta sai ta koma shuɗiya, ta riƙa tare wutar, lamba ta hau a kan miltimeta, na'urar da ke auna yadda abu ke tare wuta.

Ni na shafa tawa a takardar tacewa, na kai bakin akurki, tunda kashin kaji na fitar da amoniya. Hunturu ne, leɓe sai fashewa yake. Lambobi suka fito tsaf, har na rubuta rahoto ina ta washe baki. Da damina ta sauka na maimaita, sai ga lamba ta yi ƙasa tun ban matsa kusa da kaji ba. Ashe ruwan da ke cikin iska na shiga robar, yana sauƙaƙa wa wuta wucewa. Ban rubuta laimar ko rana ɗaya ba, ban kuma ajiye takarda ta biyu nesa da akurkin don kwatance ba. Rahoton nan yage shi na yi.

Kar ku yi rowar ƙanƙara. Haɗa polianilin na son sanyi, digiri 0 zuwa 5. Nawa na watan Afrilu da ƙyar wuta ta bi ta cikinsa. Ku sa safar hannu kuma, anilin, sinadarin da ake haɗa robar da shi, na ratsa fata.

Ta fannin haske, a 1990 aka sa wata roba irin wannan mai suna PPV ta ba da haske a jami'ar Kambirij. Sai dai kar ku biye mini ku ce fuskar wayarku roba ce irin wannan, kamar yadda na taɓa faɗa gaban aji. Yawancin fuskokin waya na OLED, wato masu ba da haske da kansu, da ƙananan ƙwayoyin sinadari ake yin su.