Matan kala a kan zanena

Alhamdu lillahi, jama'a, na kusa gama kwaikwayon zanen Jean-François Millet, mai zane ɗan Faransa, na 1857, wanda ke gidan tarihi na Orsay a Paris: mata uku a duƙe suna kalar alkama bayan girbi, can baya ga tarin dami da wani a kan doki yana duba aiki. Ganin farko na tuna da matan ƙauyukan Tawa suna bin gona bayan an yanke hatsi, shi ya sa na zaɓe shi.

Fentin mai ba ya son gaggawa. Malamina a nan Yamai ya sa na fara da fenti ƙasa-ƙasa tsinkakke, an sirka da terebantin (ruwan tsinka fenti), na shata inuwa da haske kawai. Sai shafi na gaba ya fi na baya mai, don kada fentin ya tsage in ya bushe. Kuma bushewar kwanaki take ɗauka. Da hunturun nan dole in juya zanen ya fuskanci bango, in ba haka ba ƙura ta manne.

Hannun ta tsakiya ya fi ba ni aiki. Yatsu ne masu kauri, sun kusa taɓa ƙasa, ɗayan hannun riƙe da 'yan zangarniya. Malam ya ce, "Ɗana, bar fuskar, nauyin yana a baya da ƙugu." Da na duhunta ƙasan kafaɗarta, sai matar ta duƙa da gaske.

Saura sararin sama, in Allah ya kai mu mako mai zuwa.