Inda Na Kai a Koyon Tuƙa Keke a Kan Tuddai Masu Tsayi

'Yan'uwana masu koyo, matakin da na tsallake a wannan karon shi ne na tuƙa keke a inda ko wurin kwanan mutum ya haura mita 3,600 daga matakin teku. Tafiyar ta ƙaramin ayari ce, da jagora a gaba da mota tana biye da mu a baya, a kan shimfiɗaɗɗen tudun Altiplano na ƙasar Bolibiya, daga yankin Uyuni zuwa kudu maso yamma har iyakar Chile. Na daɗe ina horon hawa da juriya kafin tafiyar, kuma horon ya yi mini rana, sai dai abin da ya fi ba ni aiki a can ba a ƙafa yake ba, a numfashi yake da kuma lissafin inda za a kwana da ta inda za a fita idan wani ya kwanta.

Zan fara da iska, domin komai daga gare ta ya taso. Kason oksijin a cikin iska kusan kashi 21 cikin ɗari ne ko a bakin teku ko a kan tsauni. Abin da yake raguwa shi ne matsin iskar, don haka kowane numfashi yana shigar da oksijin kaɗan. A mita 3,000 matsin ya sauko zuwa kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da yake a bakin teku, a wajen mita 5,500 kuwa ya koma kusan rabi. A kan keke ana jin wannan tun a hawan farko. Gangaren da a ƙasa zan hau ina hira, a can sai da na sauko zuwa giya mafi sauƙi, idan kuma na miƙe tsaye a kan feda don in ƙara ƙarfi, nan take haki ya taso, kuma yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin bugun zuciya ya lafa. Dokar jagoranmu ita ce duk wanda ba zai iya furta cikakkiyar jimla ba tare da ya yanke ta don neman numfashi ba, to ya wuce saurin da ya dace da shi, ya rage giya ya zauna a kan sirdi. Da na riƙe wannan ma'auni sai na ga ina kai yamma da sauran ƙarfi a jikina, kuma shi ne ci gaba na farko da zan iya nunawa: yanzu ina iya riƙe juyin feda mai sauƙi na dogon lokaci ba tare da zuciyata ta ja ni zuwa tsere ba.

Abin da na fi so ku tsaya a kansa shi ne bambancin tudu mai faɗin kai da tsauni mai tsini. Mai hawan tsauni idan ciwon tsayi, wato rashin lafiyar da ƙarancin oksijin yake jawowa a wuri mai tsayi, ya kama shi, magani yana ƙarƙashin ƙafarsa, domin zai juya ya gangara, cikin 'yan sa'o'i ya rage ɗaruruwan mitoci. A kan tudu babu wannan rangwamen. Kana tafe a fili shimfiɗaɗɗe, ido yana gaya maka cewa kana ƙasa, alhali duk inda ka duba gabas da yamma tsayin ɗaya ne, kuma wuri mafi kusa da za a sauke marar lafiya yana iya kasancewa tafiyar sa'o'i masu yawa a mota a kan hanya marar kwalta. Filin gishirin Uyuni, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, yana kan mita 3,656. Idan aka nausa kudu tsayin ƙaruwa yake yi: tafkin Laguna Colorada yana wajen mita 4,280, maɓuɓɓugar tururi ta Sol de Mañana kuma ta haura mita 4,800. Sai an kai mashigar iyaka ta Hito Cajón sannan hanya ta zube zuwa garin San Pedro de Atacama na ƙasar Chile da ke wajen mita 2,400. Haka abin yake a tudun Tibet, inda matsakaicin tsayi ya kai mita 4,500 kuma birnin Lhasa kansa yana wajen mita 3,650. Saboda wannan nake ganin cewa a irin wannan tafiya kuɗin da ake biyan jagora ba na nuna hanya ba ne, tunda taswirar waya ma tana nuna hanya. Ana biyansa ne don ya san, a kowane zango, ta ina ne mafita mafi kusa, sa'o'i nawa ce, kuma ya kasance yana da ikon cewa yau wane ba zai hau keke ba.

Ciwon tsayi yakan fara bayyana daga mita 2,500 zuwa sama, yawanci cikin sa'o'i shida zuwa goma sha biyu bayan isowa, da ciwon kai da tashin zuciya da kasala da jiri. Waɗannan huɗun su ne ake aunawa a ma'aunin Lake Louise, wanda masana suka tsara a Kanada a 1991 kuma aka yi masa gyara a 2018. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi, har ma mai ƙarfi ya fi saurin jefa kansa cikin matsala, domin yana da ƙafar da za ta kai shi sama kafin jikinsa ya shirya. Shawarar da likitocin wannan fanni suka tsaya a kai ita ce, idan an haura mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya tsayi da fiye da mita 500, sannan a huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Wurin kwana ake lissafawa, ba mashigar da aka tsallake da rana ba. A kwanakin farko jiki yana ƙara yawan numfashi, ƙoda tana fitar da sinadarin da zai daidaita jini ta hanyar fitsari, ƙaruwar jajayen ƙwayoyin jini kuwa sai bayan makonni. Maganin acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, yana gaggauta wannan sabon, amma sha'aninsa na likita ne, a tambaye shi tun kafin a bar gida. Wanda ya sauka da jirgi a filin El Alto da ke kusa da birnin La Paz na Bolibiya ya taka ƙasa ne a sama da mita 4,000 kai tsaye, don haka tsarin da ya fi kwanta mini a rai shi ne a fara yin kwanaki a wuri kamar birnin Sucre, mai tsayin wajen mita 2,800, kafin a hau.

Kowace safiya kafin a taɓa keke jagoranmu yakan zagaya da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin na jini da bugun zuciya, ya rubuta a littafi kusa da na jiya. Na lura ba lambar kaɗai yake kallo ba. Yakan tambayi mutum yadda ya yi barci yana duban fuskarsa, ya saurari ko akwai tari, wanda kuma ya yi ƙorafin ciwon kai mai tsanani sai ya ja layi a ƙasa da takalminsa ya ce ya bi shi, dunduniyar ƙafa ɗaya tana taɓa yatsun ɗayar. Tangaɗi a kan wannan layi, ko ruɗewa a magana, alama ce ta kumburin ƙwaƙwalwa. Haki ana zaune da tari mai kawo kumfa alama ce ta taruwar ruwa a huhu. Dukansu suna kisa, kuma babu jira a kansu, sai oksijin da saukowa nan take. Ina roƙon duk wanda yake da sikila a jininsa, har da mai AS wanda bai taɓa jin komai ba, ya ga likita kafin ya yi niyyar irin wannan tafiya, domin an san aiki mai tsanani a wuri mai tsayi yana iya toshe jini a saifar masu wannan jinin.

Shi ma keken yana jin tsayi. Tayar da aka hura a ƙasa zuwa psi 25 (psi shi ne awon matsin iskar taya) za ta nuna kusan 31 a mita 4,000, domin iskar waje da take danne ta ta ragu, kuma ƙarin psi shida a tayar keken dutse ba ƙaramin abu ba ne: taya takan yi tauri, ta riƙa tsalle a kan tsakuwa maimakon ta kama ƙasa. Sanyin asuba kuma yakan rage abin da ma'auni yake nunawa, shi ya sa na koma auna tayoyina kullum da ma'aunin kaina. Birkin da yake aiki da mai shi ma haka. Idan akwai ɗan kumfan iska a cikin bututun, wanda a ƙasa ba za ka ji shi ba, a sama yakan buɗe, sai ka ji hannun birki ya yi laushi yana matsowa kusa da kan keke, don haka a fitar da iskar a zuba sabon mai kafin tafiya. Game da giya, na sa ƙaramar giyar gaba mai haƙori 28 da ta baya mai kaiwa haƙori 51, kuma ban ga ranar da na yi fatan ya fi haka nauyi ba.

Hanyoyin kudancin tudun sun koya mini abin da ban samu a horo ba. Motoci sun mayar da su gargada mai jere kamar ƙananan kunyoyin gona, kilomita bayan kilomita, a wasu wurare kuma yashi mai zurfi ya kwanta a tsakani. A rana ta farko a kan irin wannan hanya yatsuna biyu na ƙarshe suka mutu, da kyar nake zuge zif ɗin riga da yamma. Abin da ya kawo sauƙi shi ne rage iskar taya kaɗan, sassauta riƙon kan keke har yatsu su iya motsi, lanƙwasa gwiwar hannu, da ɗaga jiki kaɗan daga sirdi ta yadda ƙafa za ta shanye girgizar. Na kuma koyi karanta gefen hanya, inda sau da yawa akan sami siririn layi mai santsi wanda tayar mota ba ta taka ba. A cikin yashi sai a mayar da nauyi baya, a bar tayar gaba ta nemi hanyarta, kada a daina juya feda. Filin gishiri kuwa, duk da daɗin tuƙinsa, yana cin ƙarfe. Ranar da muka fito daga cikinsa sai da aka wanke kowane keke tas aka sake shafa wa sarƙa mai.

Yanayin sama yana da nasa tsarin da ayari yake bi dole. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowane mita 1,000, ga iskar busasshiya ce ba ta riƙe ɗumi, saboda haka a lokacin rani na can, daga Mayu zuwa Oktoba, ruwan gora yakan daskare da dare, da rana kuma hasken rana yana ƙona fata da leɓe, tunda ƙarfin haskenta mai cutarwa yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowane mita 1,000. Da hantsi iska a kwance take, bayan azahar sai ta taso daga yamma da ƙarfin da zai mayar da fili tamkar hawa, kuma babu bishiya ko gini da za a fake. Shi ya sa ake tashi da sassafe duk da sanyi, a cinye yawancin tafiyar kafin ta farka. Ruwa kuma ana shansa bisa agogo, domin numfashi mai yawa a busasshiyar iska yana zuƙe jiki ba tare da an ga gumi ba.

Wanda zai zaɓi masu shirya irin wannan tafiya, ina ba shi shawara kada ya tsaya ga hotuna da adadin kilomita. Ya nemi a ba shi tsayin wurin kwana na kowane dare a rubuce, ya lissafa da kansa ko tazarar ta yi daidai da dokar mita 500. Ya tambaya ko motar tana ɗauke da tukunyar oksijin da na'urar kira ta tauraron ɗan'adam, tunda yawancin waɗannan wurare babu sabis na waya, ya kuma tambaya idan motar ta tafi da marar lafiya, wa zai tsaya da sauran ayarin. Wanda ya ba da amsa dalla-dalla, da sunan gari da adadin sa'o'i, ya san aikinsa. Wanda ya ce kada ka damu, ba a taɓa samun matsala ba, ni dai ba zan bi shi ba.

Inda har yanzu nake da sauran aiki shi ne dogon gangare. Daga Hito Cajón zuwa San Pedro hanya tana sauka kusan mita 2,000 cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba, kuma ko da yake kwalta ce, riƙe birki a hankali ba sakewa yana tara zafi har faifan birkin ya canza launi ya yi shuɗi-shuɗi, kamun ya ragu. Abin da ake so shi ne a matse da ƙarfi na ɗan lokaci, a saki ya sha iska, a sake matsewa, ana raba aikin tsakanin gaba da baya, a kuma tsaya lokaci-lokaci. Na san wannan a kai, amma hannuna bai gama sabawa ba, musamman idan sanyi ya kama yatsu, don haka horona na watanni masu zuwa a kan gangare zai kasance, kuma zan sauya faifan gaba daga milimita 180 zuwa 203. Niyyata ta gaba ita ce hanyar Pamir ta ƙasar Tajikistan, wadda mashigarta mafi tsayi, Ak-Baital, take kan mita 4,655. Na fara jera wuraren kwananta a takarda, kuma duk wanda ya riga ni bin ta, ina son jin yadda aka raba musu zango tsakanin garuruwan Khorog da Murghab, domin a nan ne tsayin yake tashi da sauri.