Ranar da ƙanƙara ta rufe farin layi

Kullum ina bin titin I-94 daga Ann Arbor zuwa Detroit, a jihar Michigan ta Amurka, don zuwa aiki. Motata tana da na'urar riƙe layi: wata ƙaramar kyamara ce a bayan madubin tsakiya, tana kallon fentin titi, tana murɗa sitiyari da kanta. Duk bazara na sakankance da ita, har hannuna ya saba da hutawa.

Wata safiya a watan Janairu dusar ƙanƙara ta sauka. Titi ya yi fari fat, ba layi ba alama. Ina tsakiyar tirela biyu sai na ji ƙara, koren layin da ke kan allo ya ɓace, sitiyari ya saki. Gabana ya faɗi. Na damƙe shi da hannu bibbiyu, na bi sawun tayoyin motar da ke gabana har na isa. Idona ya ga hanya a wannan sawun, ita kuwa kyamarar fenti kawai ta sani.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ya zo daga baya, a inda ake gyaran hanya. An shafe tsohon layi da baƙin fenti, ruwa ya jiƙa shi yana ƙyalli, motar ta ɗauka layi ne ta fara jana gefe.

A wannan titin dai, a 2024, an buɗe wani yanki mai tsawon mil 3 don gwajin fasahar taimaka wa motoci masu tuƙa kansu, an kafa turaku ɗauke da kyamarori da na'urori masu lura da hanya. Ina goyon bayansa, domin fenti mai kyau da alamu bayyanannu suna taimakon mutum da na'ura baki ɗaya. Amma mil 3 ne, ni kuma tafiyata ta haura mil 40. Fenti yana koɗewa, wuta tana ɗaukewa, danja tana mutuwa. Motar da za a cire wa direba dole ta iya kai kanta gefen titi ta tsaya lafiya ranar da duk waɗannan suka gaza.

Yanzu da zarar na ga hadari ya haɗo, ina kashe na'urar tun daga ƙofar gida.